Ranar da Ɗakin Adda Ya Bi Gangare

Abubuwa da yawa sun same mu a shekarun tashin hankalin nan, wasu har sun fara shige mini duhu, sai an tuna mini nake tunawa. Amma hantsin da na tsaya ina kallo ɗakin da na gina ya rabu da sauran gidan ya bi gangare, da yayata a cikinsa, wannan kam ba na jin zai bar zuciyata har ranar da za a binne ni.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Jimeta, muna haya a Rumde, ciki da falo, ni da matata da 'ya'yanmu uku. Asalinmu mutanen wajen Mubi ne. Da garuruwan arewacin jihar suka fara faɗawa hannun 'yan bindiga, cikin mako biyu gidana ya koma kamar tasha. Wani ya iso a bayan motar shanu, wani a ƙafa, wata da goyo ba ko ɗankwali. Wadda ta zo ƙarshe ita ce babbar yayarmu, wadda muke kira Adda. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Kwana tara ta yi tana tafiya ta cikin duwatsu da jikokinta huɗu, sai da suka ratsa ta Kamaru kafin su samu mota. Ranar da ta shigo ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, amma da ta dube ni, abin da ta fara cewa shi ne, "Auta, ka rame. Ba a ba ka abinci ne?"

Muka zama mutum ashirin da uku a gidan da aka yi don mutum biyar. Maza a waje kan tabarma, mata da yara a ciki kamar an jera buhuna. Mai gidan mutumin kirki ne, bai taɓa cewa mu tashi ba, amma da shaddar gidan ta cika sau biyu, sai na ga gaisuwarsa ta fara gajarta.

Ina da wani fili da na daɗe da saya a hanyar Ngurore. Matsalarsa ɗaya, gangare ne. Gabansa daidai yake da hanya, amma bayansa ya sauka sosai, in mutum ya tsaya a can ƙarshe, wanda ke bakin hanya hularsa kawai zai gani. A ƙasan filin kuma akwai gidan wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi, kowa Madam yake ce mata. Na yanke shawarar in yi ɗaki uku a jere kafin damina ta faɗi, mu kwashe kowa mu koma.

Birkilan da na ɗauka ya zagaya filin sau ɗaya ya ce abu mai sauƙi ne. A ja katangar bulo a ƙasan gangaren, a kawo jar ƙasa a tifa a cike, fili ya koma kamar faranti, sai a haƙa harsashi. Ɗakuna biyun farko za su zauna a kan asalin ƙasar wurin, na uku kuma, wanda ya fi girma, kacokan a kan cikon zai zauna. Na ce Bismillah.

Cikin leburorin da ya kawo akwai wani dattijo, gajere, siriri, ɗan gudun hijira daga duwatsun wajen Michika. Cocinsu ɗaya da Madam, ita ta ba shi wurin kwana a bayan shagonta. Ranar da tifar farko ta sauke ƙasa, kowa ya ɗauki shebur, shi kuwa ya ɗauki diga ya gangara ya kama sara jikin gangaren. Na same shi ya riga ya sassare wani wuri ya yi kamar matakala.

Na ce, "Baba, ciko aka ce a yi, kai kuma kana haƙa?"

Ya miƙe ya share gumi. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, komai namiji ne a bakinsa. Ya ce, "Malam, sabon ƙasa baƙo ne. In ba ka sare masa wurin zama ba, ranar da ruwa ya shiga tsakaninsa da tsohon, zai tafi."

Daga nan ya yi mini bayani a tsanake, yana nunawa da hannu. A fara kankare ciyawa da baƙar ƙasar sama. A sare gangaren hawa-hawa. A zuba ƙasa kaurin taƙi ɗaya kawai, a yayyafa ruwa, ba har ta zama taɓo ba, daidai yadda in ka damƙe ta za ta dunƙule ba ta jiƙa maka tafi ba. Sai a daɓe ta har madaɓi ya riƙa tsalle yana ƙara, sannan a ƙara wani taƙin. Katangar kuma a bar mata ƙofofi a ƙasa inda ruwa zai fita. Har ya haɗa madaɓinsa tun daren jiya, gwangwanin fenti ne ya cika da siminti ya kafa sanda a tsakiya. Ya ce haka kakanninsu suka riƙe gonakinsu a jikin dutse, shi ma a cikin aikin ya tsufa.

Na ce, "Kwana nawa wannan zai ci?"

"In akwai hannu, wata ɗaya da rabi."

Birkila ya yi dariya. "Baba, nan ba kan dutsenku ba ne. Tifa ta hau ta sauka sau biyu, ai ta gama daɓewa. Saura kuma ruwan sama ya zaunar da ita."

Ni a lokacin wata ɗaya da rabi kamar shekara nake jin sa. Zafin Yola ya kankama, yara sun fara ƙuraje, kullum na koma gida sai na tarar da sabon ƙorafi. Na ce a bi maganar birkila. Cikin kwana huɗu tifofi suka juye ƙasa tsibi-tsibi a kan ciyawar yadda take, leburori suka baje, direba ya bi ta kai gaba da baya, sama ta yi sumul har tana sheƙi. Katangar ma aka ja ta ba ko ƙofa ɗaya.

Ranar da za a fara haƙa harsashin ɗaki na uku, dattijon ya sake tare ni, wannan karon a gaban mutane. Ya ɗauki guntun rodi ya kafa a kan cikon ya danna da hannu ɗaya. Ya ɗan yi gardama a sama, da ya huda ɓawon sai ya nutse har kusan ƙarshensa, kamar an soka tsinke a tuwo. Ya ce, "Malam, ka gani? Sama ne kawai ya yi ƙarfi. Kar ka sa mutum a kan wannan."

Abin da na faɗa masa, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na gaji, ga rana, ga leburori suna kallona. Na ce, "Baba, in da kun iya riƙe ƙasa haka, ai da ba ku baro taku ba."

Ni da gidana ke cike da waɗanda suka baro tasu ƙasar, ni ne na faɗi wannan. Dattijon ya ajiye rodin a hankali, ya kakkaɓe hannunsa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam." Ya gangara gidan Madam, bai sake dawowa aikin ba.

Muka gama gini, muka tare ana saura kaɗan ruwan farko. Niyyata yara su zauna a ɗakin baya, na ukun nan da ke kan ciko, tunda shi ne babba kuma ya fi iska, su tara ne. Sai Adda ta kafe ita take so, kuma ita kaɗai. Ta ce ta tsufa, hayaniyar yara tana sa mata ciwon kai. Abin ya ba ni mamaki, domin Adda ba ta taɓa zaɓar wa kanta abu mai kyau ba, ko nama aka raba ƙashi take ɗauka. Matata ta yi gunaguni, ni ma a raina na ce wahalar hanya ta sauya wa Adda hali. Amma wa zai yi musu da ita? Aka cusa yara a ɗakin tsakiya, ita ta shige na baya da gadonta da buta da akwati ɗaya.

Damina ta yi nisa, ƙofar ɗakinta ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take buɗuwa. Na kira kafinta ya fere ta. Sai tsaga ta fito a daɓen simintin, siririya, tsinken tsintsiya ne kawai ke shiga. Bayan mako biyu yatsana yana shiga. Na kira birkila, ya cusa siminti ya shafe, ya ce ƙasa ce take zama, kowane sabon gini yana haka. A cikin kwanakin ne na haɗu da dattijon a bakin shagon Madam. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, sannan ya ce, "Malam, katanganka ya yi ciki. Ka zo ta ƙasa ka duba." Na ce to, zan zo. Ban je ba. Kunyar abin da na faɗa masa ce ta hana ni, ko girman kai, har yau ban iya rabe su ba.

Aka yi kwana uku ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. Ranar Asabar da safe rana ta fito. Mata suka firfito da shimfiɗu suna shanya, yara suna wasa a bakin hanya, ni kuma ina tsakar gida riƙe da bokiti zan kwashe ruwan da ya taru a bakin ƙofa. Sai na ji wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Na ɗaga kai. A daidai inda ɗakin Adda ya haɗu da na tsakiya, na ga haske, siririn layi daga sama har ƙasa. Ina kallo layin yana faɗi. Ƙusoshin kwano suka fara fita ɗaya bayan ɗaya suna kuka. Ɗakin bai faɗi nan take ba, tafiya ya yi, gaba ɗayansa, da taga da labule, kamar kwalekwale ya bar gaɓar Binuwai. Na hango bishiyar mangwaron Madam ta wurin da bango yake ɗazu. Sannan katangar ƙasa ta fashe, na ji irin rugugin da tifa ke yi in tana juye kaya, ɗakin ya durƙusa ya kife.

Ban yi ihu ba, ban yi gudu ba. Bokitin ma ban sake shi ba. Ina tsaye kamar an dasa ni har sai da matata ta zo kusa da ni ta ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Adda tana ciki."

Kafin in dawo hayyacina maƙwabta sun cika wurin. Maza suka hau kan tulin suna jan bulo da kwano, ni ma na hau, ina tona jar ƙasa da hannu ina kiran sunanta. Sai muka ji murya daga ƙasa. Dattijon ne, ya hawo ta gidan Madam da diga a kafaɗa.

"Ku sauka. Duk wanda ya hau, nauyinsa a kan matar yake. Kuma sauran ƙasan bai gama zuwa ba."

Wani ya fara cewa wane ne wannan. Na ce, "Ku yi abin da ya ce." Wannan ce maganar hankali ta farko da na yi tun da aka fara ginin.

Ya sa kowa ya yi shiru, ya kwanta ya kara kunne a jikin ɓaraguzan. Can muka ji tari. Ya nuna gefe ɗaya, inda kan taga ya leƙo, ya ce ta nan za a shiga, ba ta sama ba. Ya sa aka kawo katakon da ya rage na gini aka tokare bangon da ya jingina, aka yi layi da kwanon sarki, ana ɗiba kaɗan-kaɗan ana miƙawa. Da aka samu 'yar kafa, Madam ta kwanta rub da ciki a cikin taɓo da zanenta na zuwa kasuwa, ta zura hannu har kafaɗa ta kamo hannun Adda. Tana ta cewa da irin tata Hausar, "Mama, kar ka yi barci. Ka yi magana da ni. Jikanka nawa? Faɗa mini sunansu." Muna jin Adda tana lissafo su ɗaya-ɗaya, in ta kai ƙarshe Madam ta ce ta sake.

Sai da aka kusa azahar muka fito da ita. Linta, wato simintin saman ƙofa, ita ce ta faɗo mata a ƙafar hagu. Muka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa muka bi ta gidan Madam, inda mijinta ya tsayar da motarsa a-kori-kura. A nan na ga abin da ban taɓa zato ba. A bayan gidan akwai jerin duwatsu hawa uku, kowane hawa ya kai ƙugu, ba siminti ko kaɗan. Duk ƙasar da ta zubo daga filina a jikinsu ta tsaya, ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun. Taku biyu daga nan tagar ɗakin 'ya'yan Madam ce. Ta ga ina kallo ta ce, "Tun ranar da ya bar aikinka, kullum da yamma yana tara dutse. Na ce Papa, na mene ne? Ya ce ƙasan Malam zai zo."

A hanya akwai shingen sojoji, layi ya yi tsawo. Wani soja ya leƙa bayan motar, ya ga ƙafar, bai tambayi komai ba ya ɗaga mana hannu. A asibiti likita ya kira ni gefe ya ce ƙashin ya niƙe, ba yadda za a yi sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu a takardar. Ƙafar da ta hau duwatsu kwana tara 'yan bindiga ba su same ta ba, ɗakina ne ya cinye ta.

Bayan kwana uku, da ta fara iya magana sosai, na zauna a bakin gadonta na kasa haɗa ido da ita. Na ce, "Adda, ki yafe mini. An gaya mini, ban ji ba."

Ta ce, "Na sani. Ni ma an gaya mini."

Na ɗago. Ta ce tun kafin mu tare, ranar da ta je ganin gini, dattijon ya tare ta a hanya ya roƙe ta kada a kwantar da yara a ɗakin baya.

"Shi ya sa kika ce ke kaɗai?"

"To da wa zan bari ya shiga?"

Na ce, "Adda, me ya hana ki gaya mini?"

Ta gyara bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Auta, ka ɗauki mutum ashirin a kanka. Kana ciyar da mu, ka hana kanka barci ka yi mana gida. Da wane baki zan ce maka ɗakinka ba shi da kyau? Kuma in na faɗa, ina za ka kai mu? Na ce in Allah ya tsare, shi ke nan. In kuma zai faɗi, gara ya faɗi da tsohuwa."

Na fita waje na zauna a kan dakalin asibitin. Wata uku cur tana kwana a ɗakin nan, tana jin ƙofa tana cijewa, tana ganin tsaga tana buɗewa, da safe ta fito ta gaishe ni da fara'a. Ni kuwa ina ƙullace da ita a raina, wai ta cinye babban ɗaki ita kaɗai.

Da aka sallame ta na gangara wurin dattijon. Na same shi yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifinmu, na maimaita maganar da na faɗa masa da bakina, na ce ya yafe. Ya kama hannuna ya tashe ni. Ya ce, "Maganan ya yi zafi, gaskiya. Na kwana biyu ban ci abinci ba. Amma ya wuce. Yaya ƙafan Mama?"

Da rani ya shigo, shi ya ja ragamar gyaran. Muka kwashe jar ƙasar nan kaf har sai da muka ga tsohuwar ciyawar da aka binne, ta ruɓe ta yi baƙi tana santsi kamar kuɓewa. A kanta cikon ya zame. Muka sare gangaren hawa-hawa, muka riƙa zuba taƙi ɗaya, yayyafi, daɓe. Duk mutanen gidan suka sa hannu, mata da maza, in na taso daga makaranta in karɓi madaɓi har tafina ya yi kanta. Mako bakwai muka yi. Na tambaye shi ko yanzu za a iya mayar da ɗakin, ya ce ko bene ne zai ɗauka. Amma zuciyata ta ƙi. Muka bar wurin fili, Adda ta sa aka shuka mata yakuwa da barkono.

Da hanya ta buɗe dattijon ya koma dutsensu, yawancin baƙina ma suka koma gida. Adda tana nan tare da mu, da sandarta, tana mulkin jikoki daga kan kujera. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya.

Na koyi yadda ake cike gangare, wannan kam ko birkila ba zai ruɗe ni ba yanzu. Amma babban abin da na koya ya wuce na ƙasa. Da ina ganin tunda alheri nake yi, gaggawata ma alheri ce, duk wanda ya ce in dakata ya zama mai kawo cikas. Ban san cewa wanda kake ciyarwa bakinsa yana nauyi ba, yana iya ganin rami a gabanka ya yi shiru don kara. Saboda haka yanzu in zan yi wani abu da ya shafi mutanen da ke ƙarƙashina, ba na jira su faɗa. Nakan je in zauna a gabansu in ce, me kuka gani wanda ban gani ba? In kuma suka ce ba komai, sai in gyara zama in sake tambaya.